Gyaran Fasalin Mai Sarrafa Kwantenonin Manhaja: Misali Daga Madatsar Ruwa ta Tiga

1.0 Gabatarwa

Abin da masana na'ura mai ƙwaƙwalwa ke kira kwantena shi ne manhaja wadda aka ƙunshe tare da duk kayan aikinta, yadda za ta yi aiki a kowace na'ura aka sauke ta. Docker ne ya yaɗa wannan dabara daga 2013. Da kwantenoni suka yi yawa, sai kamfanin Google ya fito da Kubernetes a 2014 domin ya riƙa rarraba su a kan na'urori. A cikinsa akwai wani sashe, mai sarrafawa, wanda in ya yi kuskure, ma'aikata ko banki na iya wayar gari aikinsu ya tsaya cik.

2.0 Aikin Mai Sarrafawa

Aikinsa kewaye ne marar yankewa: ya duba halin da ake so, ya duba halin da ake ciki, sa'an nan ya cike giɓin da ke tsakani. In an ce kwantena uku ake bukata, ɗaya ta mutu, sai ya ta da wata.

Madatsar Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974, ta isa misali. Daga gare ta ne ruwa ke bin babbar magudana zuwa gonakin rani na Kura, Bunkure da Garun Malam. A ɗauka akwai masu tsaron ƙofar ruwa biyu. Na farko saƙo yake jira, sai an ce masa ya ƙara ruwa ya ƙara. In saƙon ya ɓace a hanya, alkama ta bushe. In ya iso sau biyu, ruwa ya ci gona. Na biyu kuwa an faɗa masa tsayin da ruwa zai tsaya, saboda haka ma'auni yake dubawa. Ko sau goma aka maimaita masa umurni, sakamakon ɗaya ne. Mai sarrafawa nagari irin na biyun ne.

3.0 Gyaran Fasali

Gyaran fasali, kamar yadda Martin Fowler ya bayyana a littafinsa na 1999, shi ne sake tsarin cikin manhaja ba tare da an sauya aikin da take yi ba. Matakansa a nan uku ne.

Na ɗaya, a raba yanke shawara da zartar da ita. Sashen shawara ya karɓi hali biyun nan, ya fitar da jerin abin da ya kamata a yi, kada ya taɓa kome da kansa.

Na biyu, kowane aiki ya zama mai jure maimaici. Kafin a ƙirƙiri kwantena a tabbata babu ita, domin na'ura na iya mutuwa ana tsakiyar aiki, ta dawo ta faro daga farko.

Na uku, aikin da ya gaza a mai da shi layi, a riƙa ninka lokacin jira bayan kowace gazawa. In ba haka ba, yawan ƙwanƙwasa ƙofa zai ƙarasa na'urar da dama ta jigata.

4.0 Jarrabawa

Ba wanda zai buɗe ƙofofin Tiga da gangan don ya ga ko mai tsaro zai rikice. Amma ana iya zaunar da shi a ofis, a ba shi alkaluman ma'auni iri-iri, a ji abin da zai yi. Amfanin mataki na ɗaya ke nan. Tun da an ware sashen shawara, ana iya haɗa shi da na'urar kwaikwayo, a jefa masa yankewar sadarwa da tsohon labari da saƙo mai maimaici, duk cikin 'yan daƙiƙoƙi. Sharaɗi shi ne a rubuta jarrabawar kafin a soma gyara, domin ita ce shaidar cewa aikin bai sauya ba.

5.0 Kammalawa

Ɗalibi ya riƙe cewa manhajar da ba ta jarrabuwa ba ta gyaruwa cikin aminci. Shi kuma jami'in da zai sa hannu a karɓi irin wannan aiki daga ɗan kwangila, ya nemi a nuna masa abu biyu: jarrabawar da aka rubuta, da abin da ke faruwa in an kashe mai sarrafawa ana tsakiyar aiki aka sake kunna shi.