Amfani da Hasken Leza Mai Gaggawa Wajen Nazarin Sinadarai Masu Aiki da Haske

Manufar wannan takarda ita ce bayyana hanyar da masana kimiyyar sinadarai suke bi su ga abin da ke faruwa a cikin fotokatalis, wato sinadarin da yake zaburar da wasu sinadarai su sāke idan haske ya sauka a kansa, shi kuwa ba ya ƙarewa.

A shekarar 1972 ne Fujishima da Honda na ƙasar Japan suka nuna cewa titaniyom dayoksaid, farin garin nan da ake zubawa a fenti, yana iya taimakawa a raba ruwa gida biyu, haidurojin da oksijin, idan an haska shi. Dalili kuwa shi ne, haske yakan tunkuɗe ilektiron daga mazauninsa, ya bar gurbi. Idan ilektiron da gurbin suka isa bayan ƙwayar sinadarin, sai su yi aiki a kan ruwa. Idan kuwa suka sake haɗuwa tun a hanya, ƙarfin hasken ya tafi a banza, ya zama zafi.

To, wannan haɗuwa tana aukuwa cikin ɗan lokacin da na'urorin dā ba sa iya kamawa. Norrish da Porter na Ingila sun fara amfani da walƙiyar fitila a 1949, amma awonsu bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba. Ahmed Zewail, Bamisire mai bincike a Amurka, shi ya kai awon ga femtosakan, wato kashi ɗaya cikin miliyan sau biliyan na sakan, aka kuma ba shi lambar Nobel a 1999.

Ga yadda ake yi. Akan raba walƙiyar leza biyu. Ta farko ita ke tayar da ilektiron. Ta biyu kuma akan tsawaita mata hanya da madubai don ta iso a makare, ta auna yawan hasken da sinadarin yake sha a wannan lokaci. Ƙarin milimita 0.3 a hanya yana jinkirta ta da femtosakan 1,000. Idan aka yi ta matsar da madubi ana maimaita awo, sai a samu cikakken labarin ilektiron daki-daki.

Binciken ya nuna cewa da yawa daga cikin ilektiron da gurabu suna haɗuwa kafin kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ya cika, alhali fitar da oksijin daga ruwa yana bukatar gurbi ya daɗe har kusan sakan guda. Saboda haka ne ake ɗora ɗan filatinom a kan ƙwayar, don ya janye ilektiron ya bar gurbi ya yi aikinsa.

A ƙarshe, ya kamata mu malamai mu lura cewa samar da makamashi mai rahusa daga rana da ruwa ya rataya ne a kan rage wannan asara, kuma ba a rage ta sai an auna ta.