ZAZZAƁIN SHAWARA: JIKI KE YAƘIN, ALLURA KE KOYA MASA

A ƙarshen watan Agusta na 1969 ba wanda ya zaci zazzaɓin shawara zai yi ɓarnar da ya yi a tsaunin Jos. Shekara 50 bayan haka, watau Agustan 2019, aka sami mai cutar a Jihar Kano bayan ya dawo daga gandun dajin Yankari.

Sauron da ke yaɗa ta cikin gari, Aedes aegypti, ba ya buƙatar kududdufi. Randa da tulu da jarkar 'yan garuwa, irin waɗanda ke cike gidajen Ƙofar Mazugal saboda ƙarancin ruwan famfo, su ne maƙyanƙyasarsa. Da rana kuma yake cizo, lokacin da gidan sauro ke naɗe.

In ƙwayar cutar ta shiga jini, sai ta nufi hanta. Jiki kan ɗauki kwanaki kafin ya ƙera sinadaran kariya masu kama ta. A mafi yawan mutane jiki ke cin nasara, ba su kuma sake kamuwa har abada. Amma kamar mutum 15 cikin 100 na masu zazzaɓin, bayan sauƙin yini guda, sai ciwon ya dawo: ido ya yi rawaya, a yi aman jini. Wajen rabinsu kan rasu. Abin mamaki, masana sun gano cewa zafin martanin jikin kansa yana ƙara lalata hantar.

Har yanzu ba a tabbatar da maganin da ke kashe ƙwayar ba; maganin zazzaɓin cizon sauro kuwa bai taɓa ta. An gwada sofosbuvir, maganin ciwon hanta, a ƙasar Brazil lokacin annobar 2018, amma bai zama abin dogaro ba tukuna. A asibiti ƙarin ruwa da jini ake yi, a tallafi jiki ya ƙarasa yaƙinsa.

Allurar rigakafin da Max Theiler ya haɗa a 1937, daga ƙwayar da aka samo jikin wani mutumin Ghana a 1927, ita ce ke koya wa jiki yaƙin tun abokin gaba bai iso ba. Cikin kwana 30 mutum 99 cikin 100 sun sami kariya. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ya isa. Yara a Nijeriya ana yi musu ita kyauta suna wata tara; manya da yawa kuwa ba su tunawa da ita sai tafiya Makka ta taso.