Iskar da ke ƙona inji a hanyar Mubi

Daga Yola zuwa Mubi, ta Song da Gombi da Hong, tafiyar kimanin kilomita 200 ce, kuma a zafin Maris da Afrilu hanyar kan tona asirin motar da aka gyara cikin gaggawa. Wani lokaci lagireto lafiyarsa ƙalau. Iska ce ta maƙale bayan an sauya ruwa ko tiyo. Iska ba ta ɗauke zafi kamar ruwa, tana kuma hana shi zagayawa, sai allurar zafi ta riƙa hawa da sauka har gasket ya ƙone.

Ƙwararren makanike a Mubi kan jira inji ya huce sarai, domin buɗe murfi da zafi kan watsa wa mutum tafasasshen ruwa. Sannan ya ɗaga gaban mota, ya cika lagireto, ya tayar da inji da hita a kunne, yana ƙara ruwa har kumfa ta daina fitowa, fanka ta tashi.

Aikin kan ci kamar rabin awa. Jami'in da ya hana direbansa wannan ɗan lokaci yana iya kwana a bakin hanya, ya rasa taron da ya taso dominsa daga Abuja. Sauri kan haifi nawa.