Giyar Gida a Ingila da Yadda Take Nuna a Kwalba

A Turancin dauri, kalmar "el" tana nufin giyar tsiron sha'ir zalla, "biya" kuwa wadda aka sa wa furen hof mai ɗaci, wanda ya shigo Ingila wajen ƙarni na 15. Yanzu kalmomin sun cuɗanya. Tun 1963, sa'ad da Ministan Kuɗi Reginald Maudling ya soke lasin dafa giya a gida, masu wannan sha'awa suka yawaita.

Mai dafawa yakan sayi gwangwanin ruwan tsiro mai kauri da ƙunshin yisti, ya sirka da ruwa kimanin lita 23, ya bar shi ya tsima kamar mako guda. Sa'an nan ya ɗura a kwalabe da ɗan sukari, ya toshe. Ragowar yistin shi ke cinye sukarin, ya haifar da iskar da ke kawo kumfa. Bayan mako biyu a ɗumi, sai a mayar da kwalaben wuri mai sanyi, yistin ya kwanta a gindi, giyar ta washe, ɗanɗanonta ya daidaita. Idan aka yi gaggawar ɗurawa kafin tsimin farko ya ƙare, ko sukari ya yi yawa, kwalba takan fashe.