RAHOTON MUSAMMAN: Tsadar harsashi a Abuja: Mai lasisi na ƙirga na kwalinsa, na daji na harbi ba lissafi

Da zarar an idar da sallar Isha'i a Gwarimpa, sai unguwar ta fara tattara kanta. Ƙofofin ƙarfen da mazauna suka kakkafa a bakin layuka su soma rufuwa ɗaya bayan ɗaya, masu gadi su fito da tocila da usur, wasu da gora, 'yan kaɗan da tsohuwar bindiga a rataye. Wannan rukunin gidaje, wanda aka gina a zamanin mulkin Janar Sani Abacha, ake kuma yi masa kirari da cewa babu mai girmansa a Afirka ta Yamma, ya tara manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da hafsoshin da suka ajiye kaki. A irin waɗannan gidaje ba a rasa wanda ya mallaki bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu tun zamanin da lasisi ke samuwa, tana jingine a bayan durowa, kusa da ita ɗan kwalin harsasai. Bindiga ba ta tsufa da wuri. In ana shafa mata mai, sai ɗa ya gaje ta. Kwalin ne ke ƙarewa, kuma sake cika shi a yau ya zama jan aiki.

Manyan kantunan da suka jeru a titunan unguwar suna sayar da kusan komai, daga shinkafa har janareta, amma ba su taɓa jera harsashi a kanta ba, doka ma ba ta ba su wannan dama ba. Shi ya sa labarin janyewar manyan kantunan Amurka daga cinikin makamai kan zo wa ɗan Najeriya kamar almara. Sai dai a cikin labarin akwai abin da ya shafi mai ɗan kwalin nan na Gwarimpa.

Yadda kantunan Amurka suka janye

A can, kantin da magidanci ke sayen madarar jarirai, a nan yake sayen bindigar farauta da harsashinta. Bayan harbin da ya hallaka mutum 17 a wata makarantar sakandare da ke Parkland, jihar Florida, a watan Fabrairun 2018, kamfanin Dick's Sporting Goods ya daina sayar da bindigogi masu siffar na soja, ya kuma ɗaga shekarun mai saye zuwa 21. Kantunan Fred Meyer suka fita daga harkar baki ɗaya. A watan Satumban 2019 kuma, wata guda bayan wani ɗan bindiga ya kashe fiye da mutum 20 a cikin kantin Walmart na El Paso, shugaban kamfanin na lokacin, Doug McMillon, ya sanar da daina sayar da harsashin ƙananan bindigogi da wasu nau'o'in da ake ɗura wa bindigogi masu siffar na soja. Kamfanin da kansa ya ƙiyasta cewa kasonsa a kasuwar harsashi zai faɗo daga kusan kashi 20 cikin ɗari zuwa tsakanin 6 da 9.

Harsashin bai ɓace ba. Masu saye sun koma ƙananan shaguna da dillalan intanet, abin da suka rasa shi ne rahusar babban kanti, wanda farashinsa kan tilasta wa ƙanana su sassauta. Ƙarancin gaske sai a 2020 ya zo, lokacin da annobar korona da zanga-zanga da zaɓe suka haɗu suka firgita jama'a, aka yi rububin saye, kamfanin Remington ya durƙushe, kantuna suka koma ƙayyade wa kowa kwalin da zai ɗauka. Wato tsoro ne ya hau da farashi fiye da rufe kanti. Da tsoron ya lafa, masana'antun cikin gida suka cike gurbin.

A Najeriya tsoron bai lafa ba, masana'antar da za ta cike wa farar hula gurbi kuma babu ita. Wanda ya rufe ƙofar ma ba ɗan kasuwa ba ne, hukuma ce.

Ƙofar da hukuma ta rufe

Dokar Makamai ta 1959, wadda ta girmi 'yancin kan ƙasar da shekara guda kuma har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin su bindigogin soja da fistol, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Akwai na amfanin kai, kamar bindigar farauta, da ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai bindigar toka da 'yan uwanta da ake ɗurawa ta baki, waɗanda aka bar wa Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Harsashi kuwa jela ce ta lasisi: wanda ba shi da izinin riƙe bindigar ba shi da izinin ajiye abincinta, kuma dillali mai rajista ne kawai zai sayar.

A watan Fabrairun 2018, daidai lokacin da kantunan Amurka ke janyewa, Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da wa'adin kwana 21 a miƙa haramtattun makamai, umarnin da ya haɗa har da 'yan banga da masu gadin unguwanni da mafarauta, da kuma bindigogin nan da ake kira fam-akshin, masu cin harsashi da yawa a ɗuri guda. A watan Yunin 2022, da hare-hare suka kai wa gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara iya wuya, ta ce jama'a su nemi lasisi su kare kansu, ta yi alƙawarin raba fom 500 ga kowace ɗaya daga cikin masarautu 19 na jihar. Ba a je ko'ina ba Kwamishinan 'Yan Sandan jihar ya tunatar da cewa takunkumin ba da lasisi yana nan daram, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ƙara da cewa gwamna ba shi da wannan hurumi. A watan Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake nanata dakatar da ba da lasisi a faɗin ƙasar.

Hujjar 'yan sanda ba abin wofintarwa ba ce. Ƙasar da tsohon Shugaban Ƙasa Janar Abdulsalami Abubakar ya ce, a 2021, makamai fiye da miliyan shida na yawo a cikinta, ba ta buƙatar ƙari. Duk wanda ya san yadda gardamar wurin ajiye mota kan rikiɗe ta zama dambe a Abuja ba zai so a ce kowane direba na da bindiga a ƙarƙashin kujera ba. Amma matakin yana da ɗan'uwan da ba a cika ambata ba. Dillalin da aka hana sababbin masu saye, kasuwarsa ta tsaya kan tsofaffin masu lasisi, waɗanda kullum raguwa suke yi. Kafin ya shigo da kaya sai ya sami izinin 'yan sanda da takardar shaidar mai amfani na ƙarshe daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Jari mai yawa, jira mai tsawo, ciniki kaɗan: kowane ɗan kasuwar Wuse ya san ƙarshen irin wannan lissafi.

Sai kuma dala. Masana'antar ƙera makamai ta DICON da aka kafa a Kaduna a 1964, aikinta na farko wadata sojoji da sauran jami'an tsaro ne, don haka harsashin farauta galibi daga ƙetare yake zuwa. Kafin Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023, ana canjin dala a hukumance kan kusan naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A lissafi mai sauƙi, kayan dala 10 da ke tsayawa a kan naira 4,600 sun koma 15,000, tun kafin a sa kuɗin fito da na dako da ribar dillali. Mai ɗan kwali ba zai ce zai lallaɓa tsohon da ke hannunsa har abada ba, domin harsashin da ya sha raɓar damina da yawa yakan ƙi tashi a ranar da aka fi buƙatarsa.

Kuma ranar ta matso kusa da Gwarimpa fiye da yadda mazaunanta suka taɓa zato. A watan Janairun 2024 masu garkuwa da mutane suka addabi yankin Bwari, suka shiga rukunin gidaje na Sagwari da ke Dutse suka kwashi mutane, wasu daga cikin waɗanda aka sace ba su dawo da rai ba. Rundunar 'yan sanda ta ƙaddamar da runduna ta musamman a babban birnin a cikin watan. Bayan 'yan watanni aka kai hari Dawaki, wadda babban titin Kubuwa ne kawai ya raba ta da Gwarimpa. Buƙata ta ƙaru a daidai lokacin da ƙofar halal ke rufe, kuma ruwan da aka tare ta gaba, ta gefe yake ɓullewa.

Kasuwar da ba ta neman lasisi

Alƙaluman abin da aka kama sun isa su nuna girman ɗaya kasuwar. A 2017 kaɗai Hukumar Kwastam ta kama bindigogin fam-akshin 2,671 a Legas, a kamu huɗu: 661 a Janairu, 440 a Mayu, sai 1,100 da 470 a Satumba. A 2018 jami'anta suka tare wata babbar mota a jihar Neja, ta hanyar Babana da ke kan iyaka da Benin, ɗauke da harsasai 200,000. A farkon Yulin 2024 Shugaban hukumar, Adewale Adeniyi, ya baje wa manema labarai bindigogi 844 da harsasai 112,500 da aka ɓoye a cikin kwantena daga Turkiyya, a tashar jiragen ruwa ta Onne. Ba wanda zai zuba irin wannan dukiya a teku in ba ya tabbata akwai masu jira.

Abin da ya fi ciwo shi ne wanda ke fita daga cikin gida. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce zuwa Disamban 2018 an kasa gano inda makamai 178,459 na 'yan sanda suka shiga, 88,078 daga cikinsu AK-47 ne. Binciken da cibiyar Conflict Armament Research ta fitar a 2020, kan makaman da aka ƙwato a Kaduna da Katsina da Zamfara, ya gano na Turkiyya da na Libiya da ƙirar maƙeran gida, ya kuma gano waɗanda asalinsu na jami'an tsaron Najeriya ne. A watan Oktoban 2024, wurin lalata makaman da aka ƙwato a barikin soja na Giri da ke Abuja, Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, Nuhu Ribadu, ya fito fili ya ce da yawa daga cikin makaman da ke hannun miyagu na gwamnati ne tun asali, ya kuma yi Allah wadai da jami'an da ke sayar da su.

A nan ne maganar harsashi ta fi ta bindiga nauyi, ko da yake bindigar ce ke cin hoto a shafin farko. Ɗan bindiga kan sayi AK-47 sau ɗaya ta yi masa shekaru. Harsashi kuwa kamar man fetur yake, kowane hari sai ya cinye nasa, dole a sake kawowa. Shi ya sa ake yawan kama masu dakonsa a tashoshin mota da shingayen bincike, an cusa shi a buhun hatsi ko jarkar manja. A watan Nuwamban 2021 'yan sandan Zamfara sun gabatar da wata mata da suka ce an kama ta da harsasan AK-47 guda 991. Tsada ba ta hana mai irin wannan saƙo saye, tunda da kuɗin fansa yake biya. Iyalin da suka sayar da gona ko gida don karɓo ɗansu, su ne a ƙarshe suka biya kuɗin harsashin hari na gaba.

Akwai ƙasar da ta gwada kama zaren ta wannan gefe. Dokar Burazil ta 2003 ta wajabta a buga lambar rukuni a gindin kowane harsashin da aka sayar wa jami'an tsaro. Da aka kashe 'yar majalisar birnin Rio de Janeiro, Marielle Franco, a 2018, kwanson da aka tsinta a wurin ne ya nuna harsasan sun fito daga rukunin da aka sayar wa 'yan sandan tarayya a 2006. Lambar ba ta hana satar ba, amma ta nuna rumbun da za a je a yi tambaya. Najeriya na da inda za ta rataya irin wannan tsari in ta so: Cibiyar Daƙile Yaɗuwar Ƙananan Makamai da aka kafa a 2021 ta sami dokarta a 2024, DICON ma an sabunta tata dokar a 2023.

Can ƙasan wannan tsani akwai mutumin da canjin dala bai dame shi sosai ba, wato mai bindigar toka. Maƙeri ne ke ƙera masa ita, albarushi da ƙananan duwatsun dalma ko guntayen ƙarfe su ne harsashinsa. Ita ce makamin mafarauci da ɗan sa-kai a karkarar Arewa, kuma ita doka ta fi sassauta wa. Amma sassaucin takarda bai hana ta jawo wa mai ita bala'i ba. A ƙarshen Maris na 2025, mafarauta 16 da ke hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don bikin Sallah suka rasa rayukansu a hannun gungun mutane a Uromi, jihar Edo, bayan 'yan banga sun ga irin waɗannan bindigogi a motar da suke ciki.

Irin ta ce ake gani a kafaɗar wasu masu gadin layukan bayan gari a Abuja, waɗanda mazauna ke haɗa kuɗi duk wata su biya. Hausawa na kiranta harba-ka-ruga. In ta tashi sau ɗaya, sai mai ita ya tsaya ya zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya daddanna da sanda, kafin ta sake magana. Gidan harsashin AK-47 kuwa 30 yake ci.