Hutun Yara: Ƙwallon Allo ko Fita Buɗe Ido?

Uwargida, idan ɗanki ya kwana yana buga FIFA a PlayStation, ya tashi da ciwon kai da jajayen idanu, ba farasitamol ne maganinsa ba. Shi iyaye ke zuwa nema a kantina, alhali barci yaron ya rasa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka. Alamarta ita ce yaro ya fifita wasa kan abinci da karatu, ya kasa dainawa.

Ƙwace na'urar kaɗai rigima zai jawo, ki ba shi madadi. A hutun nan ku hau jirgin ƙasa daga Legas zuwa Abeokuta, ya hau Dutsen Olumo da ƙafarsa. Ranar ba sai kin ce ya kwanta ba.