Yadda kantunan magani suka zama wurin allurar riga-kafin mura a Ingila

Da zarar watan Oktoba ya kama, iska ta fara kaɗawa da sanyi a Ingila, sai ka ga kantunan sayar da magani sun lilliƙa sanarwa a ƙofofinsu cewa an fara allurar riga-kafin mura.

Manyan kantuna irin su Boots da ƙananan na cikin unguwa duk suna yi. Tsoho zai fito sayen maganin hawan jini, kafin ya koma gida an yi masa allurar a dantse.

Ga wanda ya tashi a ƙasar Hausa, abin na iya zama kamar wasa. Mura dai? Wadda ake kora da shayin citta da kanumfari da lemon tsami?

Ba kowace mura ce mura ba

Kalma ɗaya Bahaushe yake amfani da ita ga cututtuka biyu. Akwai murar yau da kullum, mai zuwa da atishawa da yoyon hanci, wadda mutum ke yawonsa da ita. Akwai kuma wadda likitoci ke kira infuluwenza.

Ita wannan ba ta sallama. Mutum zai wayi gari lafiya, kafin la'asar zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, ga ciwon kai da na gaɓoɓi, ga busasshen tari da kasala mai hana tashi daga shimfiɗa.

Yawancin mutane kan warke cikin mako guda. Amma ga tsofaffi da masu juna biyu da ƙananan yara da masu ciwon suga ko asma ko ciwon zuciya, takan sauka a huhu ta zama limoniya, ko ta tayar da tsohon ciwon da yake kwance.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1 ke kamuwa da ita duk shekara, miliyan 3 zuwa 5 na shiga mawuyacin hali, tana kuma kashe tsakanin 290,000 zuwa 650,000. Magungunan kashe ƙwayoyin bakteriya da mutane ke yawan sha ba sa yi mata komai, domin ƙwayar cutar bairos ce ke haddasa ta.

Me ya sa aka kai ta kanti?

A da, sai mutum ya nemi ganin likitan unguwarsu kafin ya samu allurar. Ga mai aikin dare ko direban da ba shi da lokacin kansa, wannan kaɗai ya isa ya sa a yi ta cewa gobe har sanyi ya wuce.

A 2015 hukumar lafiya ta NHS ta buɗe wa kantunan magani ƙofar yin allurar kyauta ga manyan da suka cancanta a duk faɗin Ingila. Hikimar a fili take: kanti ya fi asibiti kusa da gida, da yawansu na buɗewa har dare da kuma ranar Asabar.

Waɗanda ake yi wa kyauta sun haɗa da 'yan shekara 65 zuwa sama, da masu juna biyu, da masu wasu cututtuka na dindindin, da mazauna gidajen kula da tsofaffi, da masu jinyar wani a gida. Wanda ba ya cikin waɗannan yana iya biya daga aljihunsa.

Ana iya kama layi ta waya, wasu kantunan kuma ko mutum ya faɗo haka nan za su karɓe shi. Masanin harhaɗa magunguna zai shigar da shi wani ɗan ɗaki, ya tambaye shi ko yana da zazzaɓi a ranar, da ko allura ko ƙwai sun taɓa tayar masa da borin jini. Sai a yi allurar, a aika da bayanin zuwa ga likitansa. Duka-duka 'yan mintoci ne.

Ta bara ba ta isar wa bana

Tambayar da aka fi yi ita ce dalilin maimaita allurar duk shekara. Amsar tana jikin ƙwayar cutar, wadda ke sauya kama a kai a kai har garkuwar jiki ta daina gane ta. Kariyar da allurar ke bayarwa ita ma tana raguwa bayan wasu watanni.

Tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da jerin ɗakunan gwaje-gwaje a sassan duniya masu bin sawun cutar. A watan Fabrairu masana kan zauna su zaɓi nau'o'in da za a haɗa wa ƙasashen arewacin duniya, a Satumba kuma na kudanci. Daga nan kamfanoni su shiga aiki, kuma har yanzu ana renon kaso mai yawa na ƙwayoyin ne a cikin ƙwan kaji.

Tunda hasashe ne ake yi watanni kafin sanyi, wani lokaci a dace, wani lokaci cutar ta zille. Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka ta ce a shekarar da aka dace, allurar na rage haɗarin kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Wanda ya kamu duk da haka, galibi takan zo masa da sauƙi.

Jiki na buƙatar kamar mako biyu kafin kariyar ta kankama. Shi ya sa ake son a yi ta kafin Disamba, lokacin da cutar ke fara bazuwa sosai. Ba ranar wanka ake ɓoyon cibi ba, amma ranar da gida ya kwanta da zazzaɓi an makara.

Maganar alade da sauran fargaba

Akwai masu cewa allurar ce ke sa musu mura. Ƙwayar da ke cikinta ba mai rai ba ce, don haka ba ta iya haddasa cutar. Abin da kan biyo baya shi ne tsamin hannu, ko ɗan zazzaɓi da ciwon jiki na kwana ɗaya ko biyu.

Ga Musulmin Ingila, ciki har da Hausawa mazauna can, damuwar ta fi yawa a kan yara. Su ba allura aka saba yi musu ba, feshi ne ake yi a hanci, galibi a makaranta, kuma yana ɗauke da sinadarin jelatin da aka samo daga alade.

Malamai sun rabu a kai. Wasu na ganin sarrafawar da aka yi masa ta sauya asalinsa, wasu ba su gamsu ba. Mafita ita ce iyayen da ba su yarda da feshin ba suna da damar neman a yi wa ɗansu allura, wadda babu jelatin a cikinta. Haka ma ta manya.

Mai juna biyu kuwa riba biyu take ci, domin kariyar na ratsawa zuwa ga jariri. Wannan na da muhimmanci, tunda ba a yi wa jaririn da bai kai wata 6 ba wannan riga-kafi.

Maniyyata su ne mahaɗa

A Najeriya wannan allura ba ta cikin jerin riga-kafin da gwamnati ke yi wa yara, kuma mutane da dama kan fara jin labarinta ne a shirye-shiryen aikin Hajji ko Umara. Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya na shawartar maniyyata su yi ta kafin tasowa, musamman tsofaffi da masu fama da wata cuta, saboda cunkoson mutane daga kowace kusurwa ta duniya.

Sai dai kantin da ake magana a kai a Ingila ba irin kemis ɗin bakin layi ba ne. Mai yin allurar ƙwararre ne da aka horar, yana da abin ceton gaggawa a kusa ko da jikin wani ya ƙi ta, kuma dole a adana maganin a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda zafi ya taɓa ko ya daskare ya tashi daga aiki.

Don haka maniyyacin da ke son yin ta, asibiti ko kantin magani mai rajista ya kamata ya nufa, ya tabbatar ta bana ce, ya kuma yi ta aƙalla mako biyu kafin ranar tashinsa.